Yayana, Bakin Mutanen Hayi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Yayana ya cika ranar Talata bayan sallar asuba, a ɗakinsa mai kallon tabki. Yau kwana arba'in da biyu. Baƙi sun watse, an naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta tukwanensu. Sai yanzu na sami zama in rubuta abin da na sani game da shi, kafin masu yabo su goge shi har ya zama wani mutum da ban sani ba.

Ban taɓa ganin Madarumfa ta cika haka ba in ba ranar kasuwa ba. Mutanen Safo sun zo a kan amalanken jakuna, na Gabi a ƙasa. Wani mai kamyo da ke kan hanyar Maraɗi ya ji labari, ya ajiye motar da kayanta a bakin hanya, ya shigo sahu. Tsofaffin masunta, har da waɗanda ba su salla, masu bin al'adar kakanni, sun zauna can gefe ƙarƙashin kuka, sun kife gorunansu na su, sun ce ranar ba wanda zai taɓa ruwa.

Da hantsi an gama wanka da sutura. Liman ya dube ni, don ni ne babba a gidan yanzu, na ce a ɗauka. Sai matar Yaya ta aiko daga cikin gida: a jira mutanen Hayi.

Hayi ƙauye ne a bakin gulbi, bayan iyaka, cikin ƙasar da tsofaffinmu har yau suke kira Ingilishi, wato Najeriya. Haka muka zauna da gawa har la'asar ta gabato, maganata tana ƙasa, ta mace tana sama. Suka iso sun cika mota har bisa, wasu a kan kekuna. An ce masu duwan, ma'aikatan kwastan da ke tsaron iyaka, ba su tambayi kowa takarda ba, ɗayansu ma cewa ya yi a yi masa gaisuwa. Sarkin ruwansu, aminin Yaya, tsoho ne mai farin gemu, amma ya durƙusa a zaure yana kuka kamar an yaye shi.

Da aka zo sa shi a kabari, liman ya ce dangi su shiga. Na sauka. Ina ɗaga kai na ga aminin ya riga ya sauko ta wajen kai. Ni aka bar wa ƙafafu.

Kwana bakwai ana zuwa mini gaisuwa. Sai mutum ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ne ƙanen nasa? Ya haƙuri?" Shekarata sittin da ɗoriya a garin nan, na koyar da rabin 'ya'yansu karatu, na rubuta musu wasiƙu, amma sunana ƙanen nasa.

Tunda ta'aziyya ce, kuma mamaci ba ya son ƙarya, bari in faɗa: na yi hassadar yayana tun ina ɗan shekara bakwai.

A shekarar ne dogarai suka zo ɗibar yara zuwa lakwal, makarantar Nasara. Kowane gida sai ya ba da ɗaya. Ina tsaye a tsakar gida Baba ya ɗaga Yaya cak, ya jefa shi cikin rumbu, ya mayar da murfi. Sannan ya kama hannuna ya miƙa wa dogari. Ba wanda ya yi mini bayani, ban kuma buƙaci bayani ba. Na ga wanda aka ɓoye, na ga wanda aka bayar.

Ina Maraɗi, duk bayan mako biyu Yaya yakan tako a ƙasa ya kawo mini bandar tarwaɗa a ƙunshe cikin ganye. Yakan tsaya bayan danga har a tashe mu. Yara suka sa mini suna ɗan su, wato ɗan masunta, saboda ƙarnin. Wata rana na ce masa ya daina zuwa. Ya ce to. Bayan mako biyu na iske ƙunshin a rataye jikin danga, shi kuwa babu alamarsa.

Na dawo da Faransanci a bakina da takalmi a ƙafata. Na koyar, daga baya na zama tafinta a biro, ofishin kumandan. Yaya ya sa mini Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, bai kuma sake kirana da wani suna ba har ya bar duniya. Shi ko bai san alif ba, bai san a ba. Gorarsa, komarsa, da 'yar garkar albasa a bakin ruwa, su ne dukiyarsa.

Garuruwa biyar ne ke shan tabkin nan, kuma tun kakanni dattawansu suke zama wuri guda, abin da muke kira taron bakin ruwa. Su ke sa ranar buɗe su da ranar rufe shi, su ke raba masu garka da masu shanu in an yi ɓarna, su ke zuwa gaban hukuma da murya ɗaya. Yaya ba maigari ba ne, ba sarkin ruwa ba ne. Amma in magana ta cije, shi ake dubawa.

Na zauna a wannan taro shekaru ina rubuta abin da aka yanke, na kuma lura da shi kamar yadda maharbi ke lura da nama, ina neman asirin. Yakan zo da goro ɗaya tak, ya yi ta ɓantara shi ƙanana har kowa ya samu, ko da mutum ashirin ne. Ba ya magana sai kowa ya gaji. In ya tashi, da maganar abokin gardamarsa yake farawa. "In na ji ka da kyau, abin da kake cewa shi ne..." Sai ya faɗi hujjar mutumin fiye da yadda shi mai ita ya faɗe ta, har mutumin ya riƙa gyaɗa kai yana jin daɗi. Daga nan ya ɗora tasa a hankali. Na gwada wannan dabara sau da yawa. A bakina sai ta fito kamar ba'a.

'Yan shekaru bayan an sami mulkin kai, rigima ta tashi a gulbi. Mutanen Hayi suka datse ruwa da shinge suna kame kifi kafin ya gangaro tabki. Samarinmu suka je suka ƙone musu taru, aka fasa wa wani kai. Ana ta wasa adduna, Yaya ya hau jakinsa shi kaɗai ya ƙetare. Kwanansa huɗu. Inna, tana da rai a lokacin, ta daina cin abinci. Rana ta biyar ya dawo tare da sarkin ruwan Hayi, suna tafe suna raba rogo ɗaya.

A taro na gaba ya kawo maganar da ba wanda ya zata: a shimfiɗa wa Hayi tabarma, su zama gari na shida.

Wani maigari ya ce, "Mutanen wata ƙasa? Tutarsu daban, hukumarsu daban. Gobe in sun ci amana, gun wa za mu kai ƙara?"

Yaya ya maimaita masa tsoronsa tsaf, sannan ya ce, "Karfasar da ka ci jiya, ka tambaye ta kardante, takardar shaidar ƙasarta? Ruwan ga ta ƙofar gidansu yake biyowa kafin shi iso muna. Wanda ke riƙe da wuyan tulu ba a barin shi waje a ce za a raba ruwa. In sun ci amana, ku kama ni. Ga gorata, ga komata, ga garkata."

Daga nan ya dafa kafaɗar sarkin ruwan Hayi ya ce, "Wanga ƙanena ne. Haihuwa ce kaɗai ba mu haɗa ba."

Ina zaune da alƙalami a hannu, taku uku daga inda yake. Ban rubuta wannan ba.

Wata uku yana yawo gari gari a kan jaki. Ya kwana nan, ya ci tuwo can, ya je suna, ya je biki, duk da maganar Hayi a bakinsa. Yakan ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar tasa ta shaida, don duk ta tsage. Gari uku suka yarda. Saura biyu, su ma sun fara laushi.

A lokacin yaƙi ya ɓarke can kudancin Najeriya, hukuma ta sa ido sosai a kan iyaka. Wata safiya ina jera wa kumandan takardu, na ce masa, da Faransanci, akwai masu shirin shigo da mutanen wata ƙasa cikin shawarar garuruwanmu, kuma ban sani ba ko Yamai ta san da haka. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban yi ƙarya ba. Na dai zaɓi kalmomina.

Aka aika jandarma ya kira Yaya. Kwana biyu yana zuwa yana zama a barandar biro tun safe har yamma kafin a shigar da shi. Da aka shigar da shi, wa zai yi tafinta in ba ni ba? Aka nuna masa kujera, ya zauna a ƙasa, don bai taɓa yarda da kujera ba. Ya ce, "Mushe, faɗa mishi yadda na faɗa. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rage."

Na fassara kuwa, kalma da kalma, idona a kan tebur. Ya yi magana mai kyau har kumandan ya ajiye alƙalami yana saurare. Amma umarni umarni ne. Aka hana maganar Hayi, aka hana mutanensu jefa koma a tabki, taron bakin ruwa kansa aka dakatar da shi damina biyu.

Muka fito tare. A hanya ya tsaya wajen mai fura ya sa aka dama mana, ya miƙo mini ludayi na fara sha. Bai ce komai ba.

Matarsa ce ta ce. Na shiga gaishe su, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Sannu Mushe. Harshen Nasara ya yi rana." Yaya ya daka mata tsawa, abin da ban taɓa ji ya yi ba. Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shekara guda ba ta amsa gaisuwata ba, na kuma fi jin daɗin fushinta a kan shirunsa.

Shirun ne ya ishe ni. Wata rana na same shi a garka yana ban ruwa, na tsaya a kansa.

Na ce, "Ka san ni ne, ko?"

Ya ce, "Tun a biro. Ba ka dube ni ba ko sau ɗaya."

"To ka zage ni mana! Ka tara dangi ka faɗa musu!"

Ya juye guga cikin kwami ya ce, "In na zage ka, da wa za ni Idi?"

Nan na fashe. Na faɗi duk abin da ke cikina tun na shekara bakwai. Na ce shi ne ɗan so, shi aka ɓoye a rumbu, ni aka bayar kamar akuyar haraji. Na ce yana da ƙane na jini ya tafi wata ƙasa ya samo wani. Na ce ya mallaki garin nan da goro ɗaya, ni da karatuna ko kare ba ya tashi in na shigo.

Ya ajiye gugan. Sannan ya ce, "Kana tsammani daɗi gare shi, cikin rumbun? Na ji kukanka har kuka fita gari. Murfin ba shi da nauyi, Mushe. Da na tura da ya buɗe. Ban tura ba. Kai kana ɗauke da naka, ni ma ina ɗauke da nawa."

Ya ɗauki guga ya koma rijiya. Ba mu sake tayar da zancen ba. In ce daga ranar zuciyata ta wanke, na yi ƙarya. Har haƙurin nasa na yi wa hassada.

Sai shekarun fari suka zo. Wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Tabki ya janye har yara na ƙetare shi a ƙasa, mutane na haƙar gaiwa cikin busasshen laka. Gero ya ƙone a tsaye. Gabi da Safo suka zama na tsofaffi, duk mai ƙarfi ya yi kudu. Mutanen Hayi, da muka hana tabarma, su ma ba su ƙoshi ba, amma kasuwanninsu na da abin saye. Sarkin ruwansu ya riƙa turo jakuna ta hanyar daji da dawa da garin rogo. A ƙofar Yaya ake saukewa, shi kuma ya raba gida gida da ƙwarya, har gidajen waɗanda suka ƙi maganarsa. Da masu su ya fara, ya ce wanda ruwa ya gudu ya bari ya fi kowa maraici.

'Yata ta fari, mijinta ya tafi neman aiki bai aiko ba, ta kwashi 'ya'yanta uku ta bi ayari. A gidan sarkin ruwan Hayi ta sauka. Aka ba ta ɗaki, aka ciyar da su har ruwa ya sauka. Da ta dawo ta ce mini, "Baba, ko sunana ba su tambaya ba. Cewa na yi ni ɗiyar ƙanen Baba Babba ce, shi ke nan." Yaya take nufi. Na ce alhamdu lillahi. Jikokina sun rayu da sunansa, a gidan mutumin da na kora. Na yi godiya, abin kuma ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar karfasa.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, radiyo ta fara maganar cewa shugabannin ƙasashen yankin nan za su haɗu cikin ƙungiya guda, tamu da Najeriya duk a ciki, kowa na mara wa maƙwabcinsa baya ya shigo. Muna zaune a zaure ana saurare, Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe manya sun biyo sawun jakina."

Sabon kumandan, yaro ne, ya ce in dattawa sun yarda shi ba ruwansa. Amma garuruwa biyun nan suka sake cijewa. Suka ce kifi bai dawo ba, ba su ƙoshi ba balle su ƙara baki. Aka sa ranar taro. Yaya kuwa ƙafafunsa sun kumbura, ko masallaci sai an riƙe shi.

Ya aika aka kira ni. Ya ce, "Kai za ka tahi ka yi maganar Hayi."

Na ce, "Yaya, rabinsu sun san abin da na yi."

"Shi ya sa. In na aiki wani, za su ce ɗan koren amini ne. Kai ba mai cewa kana son Hayi."

"Mi zan ce musu?"

"Kai ne mai karatu," in ji shi, ya juya fuska bango.

Na je. Ban ɗauki goro ba, ban maimaita maganar kowa ba. Da aka zo kaina na miƙe na ce, ni ne na kai maganar nan biro shekarun baya, kuma ba don tsoron Hayi na kai ba, don baƙin cikin ɗan'uwana ne. Na ce duk wanda ke zaune nan ya tuna ƙwaryar da aka kai ƙofarsa a shekarar yunwa, ya tuna daga inda jakunan suka fito. Na ce mun hana su ruwa sun ba mu hatsi. In har za a ƙi su yau, to a ƙi su da dalilin da mutum zai iya faɗa a gaban jikokinsa, don nawa dalilin na ɗauke shi shekara da shekaru, kuma ba ya faɗuwa.

Maigarin da ya fi kowa tauri ya daɗe yana zane ƙasa da tsinke. Can ya ce a kawo tabarma. Aka shimfiɗa, sarkin ruwan Hayi ya cire takalmi ya zauna, aka shafa fatiha. Tun daga ranar ba a sake datse gulbi ba, kuma rana ɗaya ake buɗe su daga can har nan.

Ana watsewa mutane suka yi ta kama hannuna. "Allah shi ba yayanka lafiya, ya iya aike." "Kai, tsohon nan! Yana kwance ma ya gama da mu." Wani har ya tambaye ni kwana nawa na yi ina haddace abin da ya faɗa mini. Na tafi gida kunnuwana na zafi.

Na iske shi a jingine da bango. Ya ce in faɗa masa duk abin da na ce, kada in tsallake komai. Na faɗa. Idonsa a rufe har na gama, na ma zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Ni da ban ce haka ba."

Na ce, "Na ɓata ke nan?"

Ya ce, "A'a. Ban iya ba. Ni na iya lallashi, Mushe. Tsayawa gaban mutane in tuɓe rigata, wannan ban taɓa iyawa ba. Ka fi ni."

Ba kowa a ɗakin. Matarsa ta tafi rijiya, 'ya'yansa na garka. Sau ɗaya ya faɗa, bai sake ba a shekara biyun da ya ƙara a duniya, ni kuma ba ni da shaida. Wani lokaci nakan ce gaskiyarsa ya faɗa. Wani lokaci nakan ce lallashin ne dai, ya yi mini irin wanda yake yi wa masu gari.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi ruwan da ba ya janyewa. Allah ya ba matarsa da 'ya'yansa da amininsa haƙuri. Wanda ya karanta wannan ya yi masa fatiha. In da saura, ya roƙa mini Allah ya cire mini abin nan daga ƙirji kafin nawa kiran ya zo. Don na san yayana. Zan iske an ba shi wuri gaba da nawa, kuma ina tsoron ko a can ma in ji zafi.